Ƙurɗuba ta Andalus: wuni ɗaya ya isa, ko sai an kwana?

Abu_Hafsat:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san Sifaniya. Akwai taron da zai kai ni Madrid, bayan an tashi kuma ina da kwana 3 a hannu kafin jirgin dawowa. Burina in ga Ƙurɗuba, garin nan na bakin kogi mai tsohon masallacin Banu Umayya. Wani ya ce in hau jirgin ƙasa da safe, in ga masallacin, in dawo da yamma, wai bayan shi babu wani abin gani. Wani kuma ya ce in ban kwana biyu ba na yi asarar kuɗin tikiti. Wanne zan ɗauka? Ina son bayani dalla-dalla kan hanya, tikiti, abinci da wurin salla. Ban riga na nemi biza ba.

MaiTikiti:
Wa alaikumus salam Malam. Ta ɓangaren hanya dai wuni ɗaya mai yiwuwa ne. Tsakanin Madrid da Ƙurɗuba kusan kilomita 400 ne, amma jirgin ƙasa mai gudu yana cinye ta cikin awa 1 da minti 45 ko kusa da haka. Kamfanoni uku ne a kan layin: Renfe mai jirgin AVE, da Iryo, da Ouigo. Daga tashar Atocha ake hawa, ba Chamartín ba, kuma tashoshin biyu ba kusa suke da juna ba. Farashin tikitin kamar na jirgin sama yake, yana hawa gwargwadon matsowar ranar, don haka a saya da zarar biza ta fito. Ana saka kaya a injin bincike kafin a sauka wajen jirgi, ana kuma rufe ƙofa 'yan mintoci kafin tashi. Wanda ya makara, ko da yana kallon jirgin a tsaye, ba za a bar shi ya shiga ba. Ouigo yakan fi araha, sai dai babban akwati kuɗinsa daban ne.

Wajen kama otal a intanet a rubuta Córdoba, a kuma duba sunan ƙasar da kyau. Akwai wata babbar Córdoba a Ajantina, kuma sau da yawa ita ke fara fitowa.

Hajiya_Malaga:
Malam Abu Hafsat, ka kwana. Daga Litinin zuwa Asabar ana buɗe masallacin kyauta daga 8:30 zuwa 9:30 na safe ga ɗaiɗaikun mutane, ba a barin ayarin masu yawon buɗe ido su shiga a lokacin, kuma ba a ɗaga murya. Mai tasowa daga Madrid da wuya ya riski wannan sa'ar. Shi zai iso ne wajen 10 ko 11, daidai lokacin da manyan motoci ke sauke jama'a daga Sevilla da Malaga, kowane ayari da jagoransa yana ɗaga tuta. A cikin wannan cunkoson ba ka samun tsayuwar minti 5 a gaban mihrabi. Da yamma kuma, bayan 6, duk masu wuni ɗaya sun watse, garin ya koma na masu shi.

DanZinder:
Hajiya, maganar kwana na yarda da ita, amma sa'ar kyauta ba ta maye gurbin tikiti. Tun kafin 9:30 masu gadi ke fara tattara mutane zuwa ƙofa saboda ibadar safe ta coci, domin ginin yanzu coci ne, abin da ke hannunka bai wuce minti 45 ba. Gini ne mai tsawon kusan mita 180 da faɗin kusan mita 130. Minti 45 na leƙawa ne kawai. Wanda ya kwana ya shiga na kyauta don shirun, sannan ya sayi tikiti ya koma wajen 2 zuwa 4 na rana, lokacin da ayarori suka tafi cin abinci. Tikitin babba Yuro 13 ne a 2024, na hawa hasumiya Yuro 3 daban, kuma na hasumiyar yana da lokacinsa, duk rabin awa ake hawa da mutane ƙalilan. A saya a shafin ginin na ainihi ko a harabar masallacin mai itatuwan lemo. Shafukan dillalai kan ninka kuɗin da sunan tsallake layi.

Ranar Lahadi ana rufe wa baƙi daga 11:30 na safe zuwa 3 na rana.

BizaDaFasfo:
Kun yi nisa, alhali ya ce bai nemi biza ba. Bizar Schengen, wato ta rukunin ƙasashen Turai masu biza ɗaya, ta gajeren zama ce, kuɗinta Yuro 90 ga babba tun watan Yunin 2024, ban da kuɗin cibiyar karɓar takardu. A Najeriya kamfanin BLS ne ke karɓa wa Sifaniya, a Abuja da Legas. Ana iya shigar da takardu tun saura wata 6, kuma kada a bari ya gaza kwana 15. A ƙa'ida amsa na fitowa cikin kwana 15, amma tana iya kaiwa 45, sannan samun ranar ganawa shi kansa yakan ci makonni.

Fasfo ya zama an yi shi cikin shekara 10 da suka wuce, yana da shafi 2 babu komai, kuma ya rage masa aƙalla wata 3 bayan ranar fita. Inshorar lafiya ta Yuro 30,000 ko fiye, mai aiki a duk ƙasashen Schengen. Sifaniya tana ɗaure kuɗin guzuri da mafi ƙarancin albashinta, shi ya sa yake canjawa duk shekara: a 2025 Yuro 118.40 ne kowace rana, kuma ko kwana 3 za ka yi sai ka nuna aƙalla Yuro 1,065.60.

Inda mutane ke faɗuwa guda biyu ne. Na farko a zuba kuɗi mai yawa cikin asusu mako ɗaya kafin a buga takardar banki, ba tare da shaidar inda ya fito ba. Na biyu a bar giɓi a jadawalin tafiya. Idan takardar gayyatar taro ta ƙare ranar Alhamis, jirginka kuma na Lahadi ne, dole kowane dare na tsakani ya kasance da otal a rubuce. Saboda haka ka yanke shawarar kwana a Ƙurɗuba tun kafin ka cika fom.

Ummu_Sudais:
Don Allah tambaya, ana barin mutum ya yi ko raka'a biyu a ciki?

Ustaz_Gwale:
Ba a bari, Malama. Tun 1236 da Sarki Fernando na III ya ci garin aka mayar da ginin coci, kuma har yau babban cocin garin ne, hukumar cocin ce ke gudanar da shi. Masu gadi suna sa ido, musamman a wajen mihrabi, da sun ga an tayar da kabbara ko an yi ruku'u za su zo su tsayar, wanda ya yi gardama a fitar da shi. Shawarata kada a gwada a ɓoye. Salla ana sonta da natsuwa, kuma rigimar tana ƙara tsananta wa Musulmin da za su zo bayanka. Maza ana ce musu su cire hula a ciki. Mata masu hijabi suna shiga ba matsala.

Wurin salla akwai. Masallacin Morabito yana cikin lambun Colón, ɗan ƙarami fari mai ƙubba, an gina shi zamanin yaƙin basasar Sifaniya domin sojojin Maroko. Nan ake Juma'a, kuma yana cika, a je da wuri. Akwai wani ƙarami a tsohon gari, a lungun da ake kira Calleja de la Hoguera, tafiyar 'yan mintoci daga babban ginin. Tafiyar ta wuce nisan ƙasaru nesa ba kusa ba, kuma wanda bai yi niyyar zaman kwana 4 ba yana kan ƙasarunsa a mazhabar Malikiyya.

A kula da lokuta. Agogon Sifaniya yana gaba da rana sosai. A bazara Azahar ba ta shiga sai wajen 2:20, Magariba a ƙarshen Yuni wajen 9:45 na dare, Isha'i bayan 11. Daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris agogonsu ɗaya da na Najeriya da Nijar, sauran watannin suna gaba da awa 1.

Magini_Zazzau:
Ga yadda ake karanta ginin, domin wanda ya shiga ba shiri zai ga dajin ginshiƙai ne kawai, ya ɗauki hoto ya fita. Gini huɗu ne a jikin juna, ka bi su yadda aka yi su.

Da ka shigo daga harabar lemo kana cikin na Abdurrahman na I, wanda aka fara a 785. Dubi ginshiƙan: ba su yi kama da juna ba, wani marmara ja, wani toka-toka, kawunansu daban-daban, saboda daga gine-ginen Rumawa da na Bisigot, masu mulkin ƙasar kafin zuwan Musulmi, aka kwaso su. Gajeru ne, ba za su ba da rufi mai tsayi ba, shi ya sa maginan suka ɗora baka a kan baka. Na ƙasa mai siffar kofaton doki yana riƙe ginshiƙan kada su buɗe, na sama shi ke ɗauke da rufin. Jan da farin da ake gani jan bulo ne da farin dutse a jere.

Ka miƙe kudu, ka ratsa ƙarin Abdurrahman na II na wajen 833 zuwa 848, ka isa na Alhakam na II da aka fara a 961. Nan dukiyar take. Mihrabin ɗan ɗaki ne sukutum, bakinsa an lulluɓe shi da ƙananan gilasai masu ruwan zinariya, aikin gwanayen da aka aiko daga Rumawan Ƙusɗanɗiniyya, da ayoyi cikin rubutun Kufi. Ɗaga kai ka ga ƙubbar da ke gabansa: bakunan ba su haɗu a tsakiya ba, sun gitta juna sun bar tauraro mai kusurwa 8. Duk wanda ya san rufin bakan gizo na soron Hausa zai tsaya nan ya daɗe.

Daga nan ka juya gabas zuwa ƙarin Almansur na 987. Kogi ya tare kudu, sai ya faɗaɗa ta gefe da layin ginshiƙai 8. Shi ne mafi girma kuma mafi sauƙin aiki: matsa kusa da baka ɗaya za ka ga babu bulo, dutse ne aka shafa wa jan fenti. A jikin ginshiƙan akwai alamomi da sunayen masassaƙa. A wannan ɓangaren ne gobara ta tashi a Agustan 2025, aka kashe ta a daren, aka buɗe washegari. Cocin da ke tsakiya an fara shi a 1523. Hasumiyar ƙararrawa, mita 54, a cikinta hasumiyar kiran salla ta Abdurrahman na III take, an yi mata riga ne kawai. Wannan zagayen in za a yi shi da kyau awa 2 ne zuwa 2 da rabi.

Sadauki_77:
An ce ginshiƙai 1,000 ne cif. Kuma in an tsaya a mihrabin an fuskanci Makka ke nan ko?

Magini_Zazzau:
@Sadauki_77 adadin da aka fi ambata a yau 856 ne. Sun haura 1,000 kafin a cire wasu a gina cocin tsakiya.

Ustaz_Gwale:
Batun alƙibla kuwa, a'a. Daga Ƙurɗuba alƙibla tana wajen digiri 100 ne daga arewa, wato gabas da ɗan karkata kudu. Mihrabin yana kallon wajen digiri 152, ya fi kusa da kudu. Masana sun kawo dalilai mabambanta: wasu sun ce an bi tsarin titunan Rumawa da aka tarar, wasu sun ce an kwaikwayi masallatan Sham inda Banu Umayya suka fito, wasu sun ce an daidaita shi da ɗaya daga bangwayen Ka'aba. Abin amfani ga matafiyi shi ne kada ya auna alƙiblar ɗakin otal da fuskar ginin. A yi amfani da kamfas na waya, a nesa da ƙarfen gado ko firji.

Maman_Ilham:
Abinci ne inda aka fi samun kuskure, domin alade yana shiga inda ba a zato. Kalmomin da za a haddace: cerdo alade ne, jamón busasshen cinyarsa, manteca kitsensa, tocino da chorizo duk shi ne, vino kuma giya.

Abincin da garin ya shahara da shi salmorejo ne, miya mai kauri mai sanyi ta tumatir, burodi, man zaitun da tafarnuwa. Ita kanta babu komai, amma a al'ada ana barbaɗa mata dafaffen ƙwai da yankakken jamón a sama. Tun wajen oda a ce "sin jamón". Flamenquín alade ne gaba ɗaya, a bar shi. Rabo de toro wutsiyar sa ce, amma da giya ake dafa ta, kuma yankan ba namu ba ne. Croquetas yawanci da jamón a ciki ko da ba a rubuta ba. Kek ɗin garin, pastel cordobés, akan yi ɓawonsa da kitsen alade, haka yawancin kayan fulawa na gargajiya. Duk miyar da aka rubuta Pedro Ximénez a jikinta giya ce.

Abin da za a ci hankali kwance: tortilla de patatas, wainar ƙwai da dankali, sai berenjenas con miel, soyayyen baƙin yalo da aka zuba wa ruwan rake mai kauri, da gasasshen kifi, da zaitun. A kewayen masallacin akwai gidajen shayi da na abincin Maroko da masu kebab, da dama suna da shaidar halal a ƙofa.

Lokacin cin abincinsu ma daban ne. Na rana daga 1:30 zuwa 4, na dare ba a buɗe kicin sai 8 ko 8:30. Wanda yunwa ta kama ƙarfe 6 na yamma sai dai shayi da burodi. Ruwan famfo ana sha.

Kilishi_Dole:
To ai sai mutum ya ɗauko kilishinsa da dambun nama ya huta.

BizaDaFasfo:
Kul. Dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama ko kayan madara daga ƙasashenmu, komai bushewarsa, komai kyan ƙunshinsa. Kilishi, dambun nama, cuku, man shanu, duk kwastan za su ƙwace, kuma ana iya cin tara. Ɗanyun 'ya'yan itace da ganye suna buƙatar takardar lafiyar tsirrai, ban da 'yan kaɗan da aka ware, dabino na cikinsu. Busasshen kifi an yarda da shi har kilo 20, zuma har kilo 2. Tsabar kuɗi in ta kai Yuro 10,000 sai an bayyana. Magani mai ƙarfi irin na kashe ciwo a riƙe shi cikin kwalinsa tare da takardar likita.

Basakkwace:
Ni abin da ban gane ba shi ne yadda ake ta tsorata mutane da zafin garin. Wanda ya saba da Afrilun Sakkwato me zafin Turai zai yi masa?

Hajiya_Malaga:
Ɗan uwa, Ƙurɗuba na cikin garuruwa mafi zafi a Turai baki ɗaya. A Yuli da Agusta matsakaicin zafin rana wajen digiri 37 ne, kwanakin 42 ba baƙi ba ne, kuma an auna 46.9 a Yulin 2017. Garin a kwari yake, duwatsun Sierra Morena sun tare shi ta arewa, iska ba ta motsi. Bambancin shi ne a Sakkwato babu mai fita yawon ƙafa na kilomita 8 a kan dutse da tsakar rana, mai ziyara kuwa abin da ya zo yi ke nan. Saboda agogonsu, ƙololuwar zafin daga 4 ne zuwa 6 na yamma, lokacin da mai wuni ɗaya ke jan ƙafa zuwa tasha. Mutanen garin suna rufe shaguna wajen 2, su buɗe bayan 5. A bazara wanda ba shi da ɗakin da zai fake a waɗannan awannin ya shiga wahala.

Lokaci mafi daɗi Maris zuwa Mayu, da Oktoba zuwa Nuwamba. A Janairu da asuba sanyi na sauka zuwa digiri 3 ko 4, sai da rigar sanyi ta gaske. Farkon Mayu ake bikin tsakar gidaje, inda masu gida ke buɗe ƙofa kyauta a shiga a ga furannin da suka jera a bango cikin tukwane, UNESCO ta sa shi a jerin al'adun duniya a 2012. Yana da kyau ƙwarai, amma kuɗin otal kan ninka, haka ma makon Ista.

Abu_Hafsat:
Allah Ya saka da alheri. Taron a Oktoba ne. Kogin fa? Ana shiga jirgin ruwa a zagaya?

Sarkin_Ruwa:
Wannan sai Sevilla, Malam. Kogin sunansa Guadalquivir, daga Larabci Alwadil Kabir, tsawonsa kilomita 657, yana faɗawa Tekun Atilantika. Manyan jirage suna hawowa har Sevilla su tsaya. A Ƙurɗuba ruwan ba zurfi, launin ƙasa ne, da tsibirai da ciyayi a tsakiya, da ƙafa ake more shi.

Ka fito ta bayan masallacin, ka bi ta Ƙofar Gada, ka hau gadar Rumawa. Asalinta tun ƙarni na 1 kafin haihuwar Annabi Isa, an sake gina ta sau da dama, ciki har da zamanin Musulmi, tana da baka 16, kuma tun 2004 mota ba ta hawa. A ƙarshenta akwai hasumiyar Calahorra, da ɗan gidan tarihin Andalus a ciki, ana hawa rufinta. Daga wannan tsallaken ake ganin garin yadda ya kamata: gada a gaba, bangon masallaci a baya, cocin ya ɓullo ta tsakiyar rufin. Ka je saura rabin awa rana ta faɗi, ka jira a kunna fitilu.

Ƙasa da gadar kaɗan, ta gefen gari, akwai Albolafia, ƙatuwar ƙafar katako wadda a da ruwa ke juyawa tana ɗebo shi zuwa lambunan fada. Wadda ake gani yanzu sabuntawa ce ta ƙarni na 20. Larabawa suna kiran irinta na'ura, Sifaniyawa suka mayar noria, kuma kalmar nan ce muke amfani da ita a Hausa ga kowane inji. Tsibiran wajen wuri ne da aka keɓe wa tsuntsaye, da magariba balbelu ke dawowa kwana garke-garke. Akwai sauro a bakin ruwan lokacin zafi.

DanZinder:
Kuma babu wanda ya ambaci Madinatuz Zahra, alhali ita ce ke raba gardamar nan. Birnin fada ne da Abdurrahman na III ya fara ginawa wajen 936, bayan ya ayyana kansa halifa a 929, kilomita 8 yamma da gari. Bai cika shekara 80 ba aka rushe shi a fitinar da ta fara a 1009. Nan Azzahrawi likitan fiɗa ya yi aiki. UNESCO ta sa shi a jerinta a 2018, kuma abin da aka tono bai wuce kashi 1 cikin 10 ba da ɗan ɗori.

Shigarsa hawa biyu ce, nan baƙi ke ruɗewa. Mota ko tasi tana ajiye ka a gidan tarihi da ke ƙasa, nan ake karɓar tikiti, kyauta ga 'yan Tarayyar Turai, Yuro 1.50 ga sauranmu. Daga nan sai ka hau wata bas ta musamman ta kai ka kangon a kan tudu, kusan kilomita 2, kuɗinta daban. Ba a barin motar kowa ta hau. Akwai bas ta masu ziyara da ke tashi daga Paseo de la Victoria a cikin gari, ana kama kujera tun kafin ranar, kuma tana da lokacin dawowa tsayayye. In tasi ka ɗauka, ku yi maganar dawowa, domin ba a samun na haya a tsaye a can. Ka fara da gidan tarihin da ɗan fim ɗin da suke nunawa, in ba haka ba duwatsu kawai za ka gani. Babu inuwa a sama, a riƙe ruwa da takalmi mai kama ƙasa. Duka-duka awa 3 da rabi zuwa 4. Ana rufewa ranar Litinin, Lahadi kuma rabin wuni ne.

MaiTikiti:
Duk da haka kada a sa wanda wuni ɗaya kawai gare shi ya fasa. Yana yiwuwa a Oktoba. Jirgin wajen 7 na safe, kana tasha kafin 9:30. Daga tasha zuwa masallaci minti 20 zuwa 25 ne a ƙafa ta cikin lambunan Victoria, ko bas mai lamba 3. Masallaci 10 zuwa 12:30, hasumiya, abinci, salla, lungunan tsohuwar unguwar Yahudawa, gada da La'asar, jirgin 8 na dare. Abin da za a rasa Madinatuz Zahra ce da daren garin. A bar akwati a otal ɗin Madrid, domin ba a shiga masallacin da babbar jaka.

Magini_Zazzau:
Malam MaiTikiti, wannan jadawalin babu wurin numfashi a cikinsa. Jirgi ya yi lattin rabin awa, ko layin tikiti ya yi tsawo, komai ya rushe. Kuma mai tambaya kwana 3 gare shi.

Alhaji_Kumasi:
In za a kwana, ga abin lura. Tsohon gari lunguna ne na dutse, wasu mutum biyu ba sa jerawa, kuma an taƙaita shigar mota da kyamarori, wanda ya yi hayar mota ya kutsa tara za ta biyo shi. Tasi na iya ajiye ka nesa da ƙofar otal, akwati mai taya kuma yana wahala a kan duwatsun. Mai kaya da yawa ko mai ciwon gwiwa ya sauka tsakanin tasha da dandalin Tendillas, minti 10 ne zuwa masallaci. Tsofaffin gidajen da aka mayar masauki da yawa ba su da lifta, a tambaya. Kowane masauki zai nemi fasfo ya rubuta bayananka, doka ce. Soket ɗinsu mai ƙafa biyu zagayayyu ne, na Najeriya da Gana mai ƙafa uku ba ya shiga, a sayi adafta tun gida. 'Yan Nijar nasu na shiga. Buta babu, a riƙe ƙaramar gora.

A ƙofofin masallacin akwai mata masu miƙa wa baƙo ɗan reshen ganye mai ƙamshi kamar kyauta. In ka karɓa za su kama hannunka su yi maka duba su nemi kuɗi. Kada ka miƙa hannu, ka ce "no, gracias" ka wuce. Lambar gaggawa 112.

Almajirin_Malam:
Ƙarin da zan yi ga masu karatu. Muwaɗɗa da ake karantawa a zaurukanmu riwayar Yahya bin Yahya Allaisi ce, shi kuwa a Ƙurɗuba ya zauna ya koyar, a nan ya rasu a 848, kuma ta hannunsa Malikiyya ta kafu a Andalus. Ibn Abdil Barri ɗan garin ne, haka Alƙurɗubi mai tafsiri, wanda ya bar garin bayan faɗuwarsa ya rasu a Masar a 1273. Ibn Rushd an haife shi nan a 1126, kakansa ma alƙalin garin ne. Akwai mutum-mutuminsa a jikin ganuwa kusa da Ƙofar Almodóvar, na Ibn Hazm kuma a Ƙofar Sevilla. Wanda ya san waɗannan sunaye ba zai so a yi masa gaggawa a harabar nan ba, domin a nan ake zaman karatu da shari'a. Harabar kyauta ake shiga duk wuni. Lemon da ke kan itatuwan mai ɗaci ne, ba na sha ba.

Abu_Hafsat:
Na gode ƙwarai. Yadda kwanakin suka faɗo, Asabar da Lahadi da Litinin ne a hannuna, jirgina na dawowa Talata da safe daga Madrid. Na karkata ga kwana biyu, amma ina tunanin ko in raba, dare ɗaya Ƙurɗuba, ɗaya Sevilla.

DanZinder:
To ka lura da Litinin. Madinatuz Zahra, da fadar Alcázar ta 1328 mai lambuna, da tsohuwar majami'ar Yahudawa ta 1315, duk a rufe suke ranar. Masallacin ne kaɗai ke buɗe. Ka iso Asabar da safe ka shiga masallaci da tikiti da rana, gada da yamma. Lahadi da safe Madinatuz Zahra. Litinin 8:30 ka koma sa'ar kyauta, sannan ka hau jirgi. Daren Litinin ka kwana a Madrid, kada ka dogara da jirgin ƙasa na safiyar ranar tashinka.

Sarkin_Ruwa:
Sevilla minti 45 ce kawai a jirgin ƙasa. Yana iya barin kayansa a Ƙurɗuba, ya je Lahadi da rana bayan Madinatuz Zahra, ya ga Giralda, hasumiyar masallacin da daular Muwahhidun ta gina, ya shiga jirgin ruwan da yake tambaya a gindin hasumiyar Torre del Oro, ya dawo da dare.

Hajiya_Malaga:
Wannan ya zama irin gudun da muke hana shi tun farko. Sevilla ta fi Ƙurɗuba girma nesa, rabin wuni ba ya yi mata komai. Malam Abu Hafsat, ka bar ta sai wata tafiyar. La'asar ɗin Lahadi ka shiga unguwar San Basilio, akwai tsakar gidajen da ake buɗewa duk shekara da ɗan tikiti, ko fadar Viana mai tsakar gida 12, amma ita ranar Lahadi da rana take rufewa, sai ka sa ta Asabar in lokaci ya ba ka. Kuma ka sayi ruwa da burodi da 'ya'yan itace tun ranar Asabar, yawancin manyan kantuna ba sa buɗewa Lahadi.

Ummu_Sudais:
Mai tafiya da yara ƙanana fa, keken tura yaro yana shiga masallacin?

Alhaji_Kumasi:
Yana shiga, Hajiya, daɓen ciki shimfiɗaɗɗe ne. Hasumiya ce matakala zalla, ba a hawa da shi. A lungunan waje kuma mai manyan tayoyi ya fi, ƙananan suna maƙalewa tsakanin duwatsu. Madinatuz Zahra gangare ne da matakalai, can goyo ya fi keke.